BABI NA UKU: TARIHIN GWAJIN AUNA SAURIN ƘWAƘWALWAR KWAMFUTA DA DANGANTAKARSA DA MASU SAYE A IKARA DA MAKARFI DA KUDAN

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin tarihin hanyoyin da masana da kamfanoni suka bi wajen auna saurin ƙwaƙwalwar kwamfutar girke, wato ɗan ƙaramin guntun nan da ke aiwatar da lissafi a cikin kwamfuta, wanda masu sana'ar suke kira furosesa. Za a duba yadda aka fara wannan awo, da irin gwaje-gwajen da aka ƙirƙiro daga shekarar 1959 zuwa shekarun baya-bayan nan, da kuma dalilan da suka sa aka yi ta sauya su. Daga nan sai a waiwayo ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan, domin a ga abin da wannan tarihi yake nufi ga makarantu da ofisoshi da masu shagunan buga takardu, waɗanda suke zuba kuɗinsu a kan na'urar da ido ba ya iya gane ƙarfinta.

3.1 Awo a Wajen Mutanen Yankin

Ikara da Makarfi da Kudan ƙananan hukumomi ne a arewacin Jihar Kaduna, cikin ƙasar Zazzau, tsakanin Zariya da Kano. Noma da kasuwancin amfanin gona su ne manyan sana'o'in jama'arsu. An san Makarfi da Kudan da noman rake da yin mazarƙwaila, an kuma san Ikara da tumatir da barkono da masara. Saboda haka maganar awo ba baƙuwa ba ce a nan. Ana auna hatsi da mudu ko tiya, ana sayar da tumatir a kwando, rake kuwa a dami. Kowane ɗan kasuwa ya san cewa tiyar wannan kasuwa ba lallai ta zo daidai da ta waccan ba, ya kuma san akwai ma'aunan da suke bubbuge gindin kwano don ya rage ɗauka, da masu jera manyan tumatir a saman kwando su ɓoye ƙanana a ƙasa. Wato ke nan, samun ma'auni abu ɗaya ne, amincewa da mai riƙe da shi kuma wani abu ne daban.

Akwai kuma wani irin awo da ya fi kusa da batun wannan babi, shi ne auna ƙarfin inji. Masu mazarƙwaila sun daɗe suna matse rake da injin da doki yake juyawa, kafin injinan mai su yawaita. Manomin rani idan zai sayi injin ban-ruwa, ko mai niƙa idan zai sayi injin niƙa, yakan tambayi ƙarfin doki nawa ne. Wannan ma'auni ya samo asali ne daga James Watt, mutumin Sikotilan, wanda a shekarun 1780 ya so ya nuna wa masu saye yawan dawakin da injinsa na tururi zai maye gurbinsu. Ya tsayar da cewa ƙarfin doki ɗaya shi ne ɗaga nauyin laba 33,000 zuwa tsawon ƙafa ɗaya a cikin minti ɗaya. Abin lura a nan shi ne, mai sayar da inji ne da kansa ya yanka ma'aunin. Irin wannan dabara ta ɗaukar abu sananne a mayar da shi abin kwatance, ita aka bi a harkar kwamfuta, kuma irin wannan matsala ta mai kaya ya zama mai awo, ita ma ta biyo ta.

3.2 Abin da Ake Aunawa

Ƙwaƙwalwar kwamfuta tana aiki ne da bugun wani agogo da ke cikinta. Bugu miliyan ɗaya a daƙiƙa shi ake kira megahaz ɗaya, bugu biliyan ɗaya kuwa gigahaz ɗaya. Ƙwaƙwalwar Intel 4004 ta shekarar 1971 tana da tiransisto 2,300, bugunta kuma bai kai megahaz ɗaya ba. Kwamfutar IBM PC da ta fito a watan Agusta na 1981 tana ɗauke da Intel 8088 mai megahaz 4.77. Pentium ta farko, ta 1993, ta zo da tiransisto miliyan 3.1 da megahaz 60 ko 66.

Sai dai yawan bugu kaɗai ba ya nuna yawan aiki. Lokacin da kwamfuta take ɗauka kafin ta gama wani aiki ya rataya ne a kan abubuwa uku: yawan umarnin da aikin ya ƙunsa, da yawan bugun da kowane umarni yake ci, da kuma saurin bugun. Alal misali, a ƙaddara akwai ƙwaƙwalwa mai megahaz 200 wadda kowane umarni yake cin bugu biyu a cikinta. Wannan za ta aiwatar da umarni miliyan 100 a daƙiƙa. Wata kuma mai megahaz 150 wadda kowane umarni yake cin bugu ɗaya, za ta aiwatar da miliyan 150. Ta biyun ta fi sauri duk da lambarta ta fi ƙanƙanta. Misalinsa kamar jaki biyu ne masu kwasar dawa daga gona: wanda ya fi yawan sawu ba lallai ya fi kawo dami ba, sai an san nawa kowanne yake ɗauka a sawu ɗaya. Wannan ne ya sa aka buƙaci gwaji na musamman, wato a ɗora wa kwamfutoci daban-daban aiki iri ɗaya tak, a ga wadda za ta riga gamawa. Irin wannan gwaji shi za a riƙa kira gwajin ma'auni a cikin wannan babi.

3.3 Gwaje-gwajen Farko (1959 zuwa 1984)

Ƙoƙarin farko da ya yi suna shi ne na Jack Gibson, ma'aikacin kamfanin IBM, a shekarar 1959. Ya ƙidaya irin umarnin da kwamfutocin kamfanin suke yawan aiwatarwa, kamar tarawa da ninkawa da ɗauko lamba daga ma'ajiya, ya ba kowane iri kasonsa. Da wannan kaso ake lissafa matsakaicin saurin kwamfuta a kan takarda. Raunin wannan hanya shi ne ba a kunna kwamfutar an ga aikinta ba.

A shekarar 1972 aka sami ci gaba a Ingila. Harold Curnow, ma'aikacin hukumar da ke saya wa gwamnatin Birtaniya kwamfutoci, ya yi amfani da ƙididdigar da Brian Wichmann ya tara a Cibiyar Binciken Kimiyya ta Ƙasa, ya rubuta wata 'yar manhaja mai kwaikwayon irin lissafin da masana kimiyya suke yi. An sa mata suna Whetstone, sunan wani gari kusa da Lesta, kuma su biyun sun buga bayaninta a shekarar 1976. Muhimmin abu a nan shi ne, mai saye ne ya ƙirƙiri wannan ma'auni domin kare kuɗin hukuma. Whetstone ta fi ƙarfi wajen auna lissafin lambobi masu ɗigo, wato masu ɓurɓushi kamar 3.14.

A shekarar 1977 kamfanin DEC ya fitar da kwamfutar VAX 11/780, wadda aka yarda a ɗauka a matsayin mai aiwatar da umarni miliyan ɗaya a daƙiƙa. Ta zama mudun da aka riƙa auna sauran kwamfutoci da shi har fiye da shekara goma sha biyar. A shekarar 1979 Jack Dongarra ya fara jera sunayen kwamfutoci da lokacin da kowace take ɗauka wajen warware lissafi mai layi 100 da ba a san amsoshinsa 100 ba. Wannan shi ne gwajin LINPACK, wanda daga 1993 aka riƙa jera manyan kwamfutoci 500 na duniya da shi. Ga masu ƙananan kwamfutoci kuwa, mujallar Byte ta Amurka ta buga wani gwaji na Jim Gilbreath a watan Satumba na 1981, wanda yake tace lambobin da ba sa rabuwa, kuma kowa yana iya kwafarsa da hannu ya gwada a gida.

Daga nan sai Reinhold Weicker na kamfanin Siemens a Jamus ya fitar da Dhrystone a shekarar 1984. Ya lura cewa yawancin aikin ofis da na manhajojin gudanarwa ba lissafin ɗigo ba ne, aiki ne na cikakkun lambobi da haruffa. Sunan ma wasa ne da kalmomin Ingilishi, domin farkon sunan Whetstone yana kama da kalmar jiƙaƙƙe, shi kuma ya kira nasa busasshe. VAX 11/780 tana zagaya Dhrystone sau 1,757 a daƙiƙa, saboda haka ake raba sakamakon kowace kwamfuta da wannan lamba.

Waɗannan gwaje-gwaje duka suna da lahani iri ɗaya, wato ƙanƙanta. Da ƙwaƙwalwar kwamfuta ta fara zuwa da wani ɗan rumbu na kusa, wanda yake riƙe abin da ake yawan amfani da shi, sai ya zamana gwajin gaba ɗaya yana shigewa cikin rumbun, kwamfutar ta yi ta gudu kamar ba ta da nauyi. Bugu da ƙari, akwai manhajar da take fassara abin da ɗan Adam ya rubuta zuwa harshen na'ura, wadda za a iya kira tafinta. Masu ƙera tafinta suka koyi gane Dhrystone, suna tsallake sassan da aka san ba a amfani da amsarsu. Wannan ya sa aka yi wa gwajin kwaskwarima a 1988, amma hakan bai kawar da matsalar ba.

3.4 Kafa SPEC a 1988

Ganin kowane kamfani yana tallar lambar da ta yi masa daɗi, sai kamfanoni huɗu masu ƙera kwamfutocin injiniyoyi, wato Apollo da Hewlett-Packard da MIPS da Sun, suka kafa wata ƙungiya mai suna SPEC a shekarar 1988. A 1989 ƙungiyar ta fitar da tarin gwaji mai manhajoji goma na gaske, waɗanda mutane suke aiki da su, huɗu na cikakkun lambobi, shida na lambobi masu ɗigo. Ana auna lokacin kowace, a kwatanta da na VAX 11/780. Haka kuma dole mai gwaji ya bayyana irin kwamfutar da irin tafintan da ya yi amfani da su, yadda wani zai iya maimaitawa.

Hanyar haɗa sakamako goma ya zama lamba ɗaya ita ma tana da tarko. A ƙaddara kwamfuta ta farko ta gama aiki na ɗaya a daƙiƙa 10, na biyu a daƙiƙa 100, ta biyu kuma ta gama na ɗaya a daƙiƙa 20, na biyu a daƙiƙa 50. Idan aka ɗauki ta farko a matsayin mudu, ta biyu ta ci ninki 2 na lokaci a aikin farko da rabi a aiki na biyu, aka tara aka raba biyu sai a sami 1.25, wato ta biyu ce mai nawa. Idan kuwa aka ɗauki ta biyu a matsayin mudu, lissafin zai sake ba da 1.25, amma wannan karon ta farko ce mai nawa. Ke nan wanda ya zaɓi mudu shi ya zaɓi zakara. Fleming da Wallace sun yi bayanin wannan kuskure a wata maƙala ta 1986, suka nuna cewa ninka sakamakon ya kamata a yi sannan a ɗauki saiwarsa. A misalin da ya gabata, 2 sau rabi ya ba da 1, ko da wace aka auna. Wannan hanya SPEC ta ɗauka.

Duk da haka ba a rabu da Bukar ba. Ɗaya daga cikin manhajoji goman, mai suna matrix300, an gano dabarar tafinta da take ninka sakamakonta sau da yawa ba tare da kwamfutar ta ƙara sauri a sauran ayyuka ba, sai aka cire ta a bugun 1992. A watan Janairu na 1996 kamfanin Intel ya sanar cewa wani kuskure a tafintansa ya ƙara wa wasu sakamakonsa na SPEC kimanin kashi 10 cikin 100. An sake sabunta tarin gwajin a 1995 da 2000 da 2006 da 2017, kuma a watan Fabrairu na 2024 ƙungiyar ta sanya alamar gargaɗi a kan sakamako fiye da 2,600, saboda an yi su da tafintan Intel da aka gyara musamman domin wasu manhajojin gwajin.

3.5 Lambobin Talla da Tseren Megahaz (1992 zuwa 2004)

Mai sayen kwamfutar gida ba ya karanta rahoton SPEC, lambar da ke jikin kwali yake dubawa. Saboda haka Intel ya ƙirƙiri ma'auninsa mai suna iCOMP a 1992, inda ya ba ƙwaƙwalwar 486SX mai megahaz 25 maki 100, sauran kuma aka jera su a kai. Abokan hamayyarsa, wato AMD da Cyrix da IBM da SGS-Thomson, suka haɗu a 1996 suka fito da lambar PR, wadda take nuna Pentium ɗin da ƙwaƙwalwarsu ta yi daidai da ita a gwajin Winstone na ayyukan ofis. Alal misali, Cyrix 6x86 mai lambar PR166 megahaz 133 ne ainihin bugunta. A aikin rubutu da jadawalin lissafi lambar ba ta yi ƙarya ba. Amma da wasan kwamfuta mai suna Quake ya fito a wannan shekara, wanda yake cin lissafin ɗigo sosai, sai aka ga Cyrix ta kasa biyo Pentium. Wannan ya nuna cewa ƙwaƙwalwa ɗaya tana iya zama gwana a wani aiki, ta zama raguwa a wani.

Akwai kuma abin da gwajin sauri ba ya kamawa. A 1994 Farfesa Thomas Nicely, malamin lissafi a Amurka, ya gano cewa Pentium tana ba da amsar kuskure a wasu lissafin rabawa. Canza wa jama'a waɗannan ƙwaƙwalwa ya ci wa Intel dala miliyan 475. Haka nan a shekarun 1990 an sami 'yan damfara masu goge lambar da ke jikin ƙwaƙwalwa su buga wadda ta fi ta, abin da ya sa Intel ya fara kulle saurin ƙwaƙwalwarsa tun daga masana'anta.

A watan Maris na 2000 AMD ya riga Intel kai wa gigahaz ɗaya da ƙwaƙwalwar Athlon, da tazarar kwana biyu kacal. Garin gaggawa Intel ya fitar da Pentium III mai gigahaz 1.13, ya kuma janye ta a watan Agusta saboda tana tuntuɓe. A watan Nuwamba na wannan shekara Pentium 4 ta fito da gigahaz 1.4 da 1.5. An ƙera ta ne don bugu mai yawa, amma aikin da take yi a kowane bugu bai kai na Pentium III ba. AMD ya mayar da martani a 2001 da dawo da lambar kwatance, inda Athlon XP 1800+ take gudu a kan gigahaz 1.53. Tseren ya tsaya ne da zafi ya yi yawa. Pentium 4 ta tsaya a gigahaz 3.8 tana fitar da zafin da ya kai wat 115, kuma a watan Oktoba na 2004 Intel ya soke shirin mai gigahaz 4. Core 2 Duo da ta fito a Yuli 2006, mai wat 65 da bugun da bai kai gigahaz 3 ba, ta wuce Pentium 4 a kusan kowane gwaji.

Rigimar ma'auni ta kai har gaban hukuma. A Disamba 2009 Hukumar Kasuwanci ta Tarayyar Amurka ta tuhumi Intel, kuma cikin zarge-zargen akwai cewa tafintansa yana rage wa ƙwaƙwalwar wasu kamfanoni gudu, alhali ana amfani da shi wajen haɗa manhajojin gwaji. An sasanta a Agusta 2010, bisa sharaɗin kamfanin ya riƙa bayyana wa jama'a wannan bambanci. A 2011 AMD da Nvidia da VIA suka fice daga ƙungiyar BAPCo, mai gwajin SYSmark, bisa ƙorafin cewa gwajin ya karkata. A 2014 kuma Intel ya amince ya biya dala 15-15 ga Amurkawan da suka sayi Pentium 4 ta farko, domin rufe wata ƙara a kan sakamakon gwaji, ba tare da ya amsa laifi ba.

3.6 Zamanin Ƙwaya da Yawa

Da ƙara bugu ya gagara, sai kamfanoni suka koma haɗa ƙwaƙwalwa biyu ko fiye a guntu ɗaya, kowace ana kiranta ƙwaya. Pentium D da Athlon 64 X2 sun fito da ƙwaya biyu a 2005, sannan Ryzen na AMD ya kawo ƙwaya takwas ga masu saye na yau da kullum a 2017. Wannan ya raba sakamakon gwaji gida biyu, na ƙwaya ɗaya da na dukkan ƙwayoyi, kamar yadda ake gani a gwaje-gwaje irin su Geekbench da Cinebench da PassMark. Tun a 1967 Gene Amdahl ya yi bayanin iyakar wannan dabara. Gayya tana gama noman gona da wuri saboda kowa yana kama kunyarsa, amma idan an ɗora ruwan rake a wuta, mutum goma ba za su sa ya yi kauri kafin lokacinsa ba. Idan kashi ɗaya cikin huɗu na aiki ba ya rabuwa, ƙwaya huɗu za su ba da ninki 2.3 ne kawai, kuma ko an tara ƙwaya dubu ba za a wuce ninki huɗu ba.

3.7 Dangantakar Wannan Tarihi da Yankin Nazari

Kwamfuta ta fara shiga ƙasar Zazzau ne ta hanyar Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, kuma cibiyar kwamfutarta tana ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufar koyar da kwamfuta a makarantu a 1988, ta kafa hukumar NITDA a 2001, shekarar da wayar salula ta GSM ta fara aiki a ƙasar. Daga nan shagunan buga takardu da na intanet suka fara yaɗuwa daga birane zuwa hedikwatocin ƙananan hukumomi irin su Ikara da Makarfi da Hunkuyi. Ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya da aka kafa a Makarfi, wadda aka sani da sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris, suna cikin waɗanda suka buɗe wa irin waɗannan shaguna kasuwa.

Abin da ya mayar da kwamfuta dole shi ne jarrabawa. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta kuma daina ta takarda a 2015. Hukumar WAEC ita ma ta fara gwada hanyar ga masu zana jarrabawa daga waje a 2024. Wannan yana nufin yaron da ya gama sakandare a ƙauyen Kudan ko Ikara, makomarsa tana rataye da na'urar da za a zaunar da shi gabanta, da kuma ko ya taɓa taɓa irinta a makarantarsa. Kwamfutar da ta daskare a tsakiyar jarrabawa tana iya cinye wa ɗalibi shekara guda.

Yawancin kwamfutocin girke da ke shagunan yankin na hannu ne, waɗanda aka gama aiki da su a ofisoshin Turai da Amurka, suka shigo ta Legas, suka biyo ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja zuwa Kano da Kaduna da Zariya. Mai saye yakan dogara ne da tambarin da ke manne a jiki, musamman sunayen Core i3 da i5 da i7, waɗanda Intel ya fara amfani da su tsakanin 2008 da 2010. An ɗauka i7 ta fi i3 a kowane hali, alhali sunan yana kwatanta 'yan zamani ɗaya ne kawai. Core i7-2600 ta 2011 tana da ƙwaya huɗu da gigahaz 3.4, Core i3-12100 ta 2022 ita ma ƙwaya huɗu ce da gigahaz 3.3, amma ta biyun ta fi ta farko sauri nesa ba kusa ba, domin aikin da take yi a kowane bugu ya fi yawa. Lambar da take biye da karan tsakiya ita ce take nuna zamani, 2 a ta farko, 12 a ta biyu. Sanin zamanin ya ƙara muhimmanci tun da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na gama-gari ranar 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 a ƙa'idarsa yana neman ƙwaƙwalwar Intel ta zamani na takwas zuwa sama. Makarantar da ta cika ɗaki da tsofaffin i7 saboda araha, ta yi cinikin biri a sama.

Har ila yau, sakamakon da ake bugawa a mujallu an same shi ne a ɗaki mai sanyi da wutar lantarki tsayayyiya. Ƙwaƙwalwar zamani tana rage gudunta da kanta idan ta yi zafi. A shagon da ke ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, bayan ƙurar hunturu ta toshe fanka, kwamfuta tana iya fara aiki da sauri ta koma tafiyar hawainiya bayan minti goma. Gwajin minti ɗaya ba zai nuna wannan ba. Haka kuma mai shagon da yake aiki da janareta ko hasken rana, musamman bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, yawan wutar da kwamfuta take sha ya shafi ribarsa kai tsaye. A wurinsa ma'aunin da ya fi amfani shi ne aiki nawa aka yi da wat nawa. Sannan a aikin buga takardu da cike fam a intanet, abin da ya fi jawo jinkiri sau da yawa shi ne tsohon faifan ajiya mai juyawa, da ƙarancin ma'ajiyar wucin gadi, da raunin layin sadarwa. Sauya faifan da na SSD yakan farfaɗo da tsohuwar kwamfuta fiye da sauya ƙwaƙwalwarta.

Daga wannan tarihi ana iya fitar da ƙa'idoji huɗu ga kwamitin saye na makaranta ko na ƙaramar hukuma. Na farko, a rubuta cikakkiyar lambar ƙwaƙwalwa a takardar kwangila, kada a tsaya a i5 ko i7. Na biyu, a buɗe kowace kwamfuta da manhajar bincike irin CPU-Z domin a tabbatar abin da ke ciki ya yi daidai da tambarin waje. Na uku, a gudanar da gwaji iri ɗaya, bugu ɗaya, a kan dukkan kwamfutocin, domin makin Geekbench 5 ba ya kwatantuwa da na Geekbench 6, kamar yadda ba a haɗa awon mudu da na tiya. Na huɗu, a ɗora wa kwamfutar ainihin aikin da aka saye ta dominsa, a bar ta tana yi na tsawon lokaci a cikin ɗakin da za ta zauna, kafin a biya ɗan kwangila.

3.8 Kammalawa

A wannan babi an bi tarihin gwajin ma'auni tun daga lissafin Gibson na 1959, zuwa Whetstone da LINPACK da Dhrystone, zuwa SPEC da lambobin talla na iCOMP da PR, har zuwa zamanin ƙwaya da yawa. An ga cewa kowane ma'auni yakan yi amfani a farkonsa, amma da zarar ciniki ya rataya a kansa, sai masu kaya su koyi gyara kayansu domin ma'aunin, har ya daina nuna gaskiyar aiki, a sake neman wani. An kuma ga cewa gwaje-gwajen da suka fi daɗewa su ne waɗanda aka gina a kan aiki na gaske, aka kuma bayyana ƙa'idarsu yadda kowa zai iya maimaitawa. Mutanen Ikara da Makarfi da Kudan sun saba zuwa kasuwar hatsi da kwanonsu, suna kuma sa hannu har gindin buhu kafin su biya. Abin da ya rage shi ne makarantu da hukumomin yankin su ɗauki wannan al'ada zuwa cinikin kwamfuta, tun da kuɗin da ake kashewa na jama'a ne, waɗanda za su zauna gaban na'urorin kuma 'ya'yansu ne. A babi na gaba za a duba kalmomin da masu sana'ar kwamfuta a yankin suka aro ko suka ƙirƙira domin bayyana sassan na'urar da ayyukanta.